Su a Hunturun Lofoten: Inda Busasshen Kifin Kasuwanninmu Ya Samo Asali

Busasshen kifin nan mai taurin itace da ake sayarwa a Sabon Garin Kano, wanda Inyamurai ke kira okporoko, Yarabawa kuma panla, da yawa daga cikinsa daga ƙasar Norway yake zuwa. Cibiyar sana'arsa kuwa wasu tsibirai ne da ake kira Lofoten, can arewa mai nisa, inda rana ke ɓuya kusan wata guda, daga farkon Disamba zuwa farkon Janairu. A tsakiyar wannan hunturun ne kakar su take kamawa.

Kifin da ake nema, mutanen wurin na ce masa skrei. Yana girma ne a Tekun Barents, amma idan ya isa haihuwa sai ya yi ayari ya nufo kudu, tafiyar da ta kai kilomita 1,000, don ya zuba ƙwai a gaɓar Lofoten tsakanin Janairu da Afrilu. Duk da tsananin arewancin wurin, tekun ba ya daskarewa, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga Tekun Atlantika. Tun wajajen 1120 Sarki Øystein ya sa aka gina wa baƙin masunta bukkoki a bakin ruwa, irinsu kuwa na nan har yau a garuruwa kamar Henningsvær da Reine.

Wanda ya san ruwan nan ba ya kwance jirgi sai ya duba hasashen yanayi, ya kuma sake dubawa. Guguwar yankin ba ta sallama. Gari na iya wayewa garau, kafin azahar iska da dusar ƙanƙara sun rufe ido. Sanyin ruwan kan sauka zuwa digiri huɗu ko biyar, wanda ya faɗa ciki hannuwansa kan ƙage cikin 'yan mintuna, ko da gwanin iyo ne. Shi ya sa tun 2015 doka ta wajabta sanya rigar hana nutsewa a ƙananan jiragen shaƙatawa da tsawonsu bai kai mita takwas ba. Masunta kan sa kayan ulu a ciki, su ɗora riga mai hana ruwa. Auduga ba ta da amfani a nan, da ta jiƙe ta zama abokiyar gaba. Baƙo kuma ya nisanci mashigin Moskstraumen, inda ruwa ke juyi da ƙarfi, sai dai in yana tare da ɗan gari.

Kamun kansa ba shi da wani surkulle. Na'ura ce ke nuna zurfin da ayarin kifin yake, sai a saki ƙugiya mai nauyin kusan rabin kilo, ana ɗagawa ana saki. Manyan jirage na aiki da taru da mamari. Da kifi ya hau jirgi ake yanka shi jini ya tsiyaye, in ba haka ba naman ya lalace, farashi ya faɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne shanyar. Ba gishiri, ba hayaƙi. Ana ɗaure kifi bibbiyu ta wutsiya, a rataye a kan manyan rumfunan katako daga Fabrairu zuwa Mayu ko Yuni, iska kaɗai ke aikin, kamar yadda iskar hunturu ke yi wa kilishi. Sai dai a nan ma'aunin siriri ne: sanyi ya yi yawa naman ya daskare ya farfashe, ɗumi ya shigo da wuri ƙudaje su yi masa tsutsa. Lofoten ta dace ne da sanyin da ke kai-kawo a bakin daskarewa.

Kusan babu abin da ake zubarwa. Yara ke yanke harsunan kifin su sayar, su tara kuɗinsu. Hanta a tatsi mai, ƙwai a dafa tare da nama da hanta a wani abinci da suke kira mølje. Zaɓaɓɓen kifi Italiya yake tafiya, kawunan kuwa Najeriya ce babbar kasuwarsu.

A 'yan shekarun nan kifin ya ragu, an yi ta zaftare adadin da aka yarje a kama, wanda Norway da Rasha ke tsayarwa tare. Wani sashe na ayarin ma ya koma tsayawa arewa da Lofoten, wajajen Senja da Finnmark, dole masunta da dama su bi shi can.