Ran Uku ga Watan Fabrairu

Kowace rana ta shekara tana da labarinta. Yau bari mu duba ran 3 ga Fabrairu.

A wannan rana, cikin 1903, sojan Ingilishi suka iso Kano daga Zariya, Kanar Morland ne shugabansu. Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Kanawa suka rufe ƙofofi, suka hau ganuwa da kibau da bindigogi. Amma baƙin sun zo da igwa. Suka fasa Ƙofar Kabuga, suka shiga, kafin faɗuwar rana birni ya komo hannunsu. Daga baya aka naɗa Abbas sarki. Yaron da ya bi ta Kabuga, ya tuna da wannan.

Bayan shekara 73 daidai, a 1976, wani Bakano, Janar Murtala Muhammed, yana mulkin Nijeriya duka. Ran nan ya mai da jihohi 12 suka zama 19, ya kuma ce a gina sabon babban birni a Abuja. Bai ga ginin ba, gama kwana goma bayan haka aka kashe shi a Ikko.

Masu son ƙwallo ma suna da rabonsu. A 2013 Nijeriya ta ci Kwaddibuwa 2 da 1, bayan mako guda ta ɗauki Kofin Afirka.

'Yan mata kuwa, ga naku. Ran nan, a 1821, aka haifi Elizabeth Blackwell a Ingila, mace ta fari da ta sami digirin likita a Amurka.