Tarbiyya kafin karatu: abin da ajin nazare ke buƙata a Gombe

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, titunan unguwar Federal Low-Cost da ke birnin Gombe kan cika da babura da Keke Napep ɗauke da yara 'yan shekara uku zuwa biyar. Da yawa daga cikin iyayensu ma'aikata ne da ke saurin isa ofis, sai su danƙa amanar yaran ga malamar nazare har zuwa azahar. Abin da iyayen kan tambaya da yamma shi ne ko yaro ya iya ƙirga da harufa. Ba kasafai ake tambayar ko ya koyi jiran layi, ko ya iya faɗin abin da ya ɓata masa rai ba tare da cizo ko duka ba.

Masana na ganin wannan sashe na biyu shi ne tubalin ginin. A shekarar 1962 aka fara wani shiri a makarantar Perry da ke Ypsilanti a jihar Michigan ta Amurka, inda aka bi rayuwar yara 123 'ya'yan talakawa har suka manyanta. Fifikon da waɗanda suka shiga shirin suka samu a gwajin basira ya dusashe bayan 'yan shekaru, amma sun fi takwarorinsu samun aiki da kauce wa aikata laifi. James Heckman, wanda ya lashe kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000, ya danganta yawancin wannan bambanci ga gyaruwar ɗabi'a.

A Najeriya kuwa, bulala ce ta fi kusa da hannu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF suka gudanar a 2016 zuwa 2017 ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na yara 'yan shekara 1 zuwa 14 na fuskantar horo na duka ko tsawa. Malamar da ta tashi cikin wannan hali, aka kuma tara mata yara fiye da ƙarfinta, da wuya ta san wata hanya. Bulala na kawo shiru nan take, sai dai yaron da ya yi shiru don tsoro bai koyi kame kansa ba.

Hanyoyin da suka fi tasiri ba sa buƙatar kuɗi mai yawa: dokoki uku ko huɗu da ake maimaitawa kullum, yabon yaro a daidai lokacin da ya kyauta, sanar da shi sunan abin da yake ji, da tatsuniyar da za a tambayi yara me ya sa Gizo ya cuci abokinsa. A Jamaika, horar da malamai kan irin waɗannan dabaru ya rage dukan yara a aji ƙwarai. Gombe na da ƙarin dalili, domin ta karɓi iyalai da rikicin Boko Haram ya raba da Borno da Yobe, kuma tashin hankalin iyaye kan biyo yaro har cikin aji.

A takarda, tanadin yana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, manufar ilimi ta ƙasa ta kayyade malami ɗaya ga yara 25 a nazare, kuma gwamnatin Muhammad Inuwa Yahaya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2019. Saura aiwatarwa. Jami'an da ke duba tsarin kashe kuɗin UBEC a Abuja na da ikon tambayar nawa aka ware wa horar da malaman nazare, kuma masu sa ido kan makarantu masu zaman kansu na iya ƙirga yaran da ke cikin aji kafin su sabunta lasisi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarar ma sai an koya masa.