Abin da Ramuka ke Faɗa Game da Watannin Zuhal

Zuhal, duniyar nan mai zobe, tana da watanni barkatai, kuma yawancinsu dunƙulen ƙanƙara ne. Sanyin can ya kai kusan digiri 200 ƙasa da sifili, har ƙanƙarar ta sandare ta yi taurin dutse. Saboda haka in wani dutsen sararin samaniya ya faɗo, sai ya bar rami. A yawancinsu babu ruwan sama, babu iskar da za ta cike shi. Shi ya sa masana ke ƙirga ramuka don gane shekarun wuri: inda suka yi yawa tsohon fili ne, inda babu su kuwa wani abu ne ya shafe su.

Dubi Mimas, wanda faɗinsa bai cika kilomita 400 ba. Jikinsa duk tabo ne, kamar fuskar mai zanzana. Babban raminsa, Herschel, da kumbon Voyager 1 ya hango a 1980, ya kai kilomita 139, wato kusan sulusin faɗin watan, da tsauni mai kilomita 6 a tsakiyarsa. Saura ƙiris bugun ya tarwatsa shi.

Maƙwabcinsa Enseladas ya fi ban sha'awa a ganina. Sunayen wurarensa daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo su, don haka a arewacinsa akwai ramin Ali Baba da na Aladdin. Wasu ramukan sun lotse, gindinsu ya kumburo, alamar ƙanƙarar ta taɓa samun ɗumi ta yi laushi. Kudancinsa kuwa da ƙyar ka ga rami. Sai dai tsagogi huɗu, Iskandariyya da Alƙahira da Bagadaza da Dimashƙa, inda kumbon Cassini ya tarar a 2005 tururi da ɓarɓashin ƙanƙara na feshi sama daga wani teku na ƙarƙashi.

Saboda yawan ramukansa aka daɗe ana ɗaukar Mimas matacce ne har ciki. Sai ga masu bincike na Faransa a 2024, bayan nazarin yadda yake kewaya Zuhal, sun ce shi ma da alama akwai teku ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kilomita 20 zuwa 30. A lissafinsu tekun sabo ne, bai wuce shekara miliyan 25 ba, ɗuminsa bai iso sama ya fara shafe ramukan ba tukuna.