Kafin ki yarda a saka miki raga

Mace ta haifi shida ko takwas, wata rana ta tsuguna wanki sai ta ji wani abu kamar ƙwai ya leƙo ta gabanta. Zazzagowar mahaifa ke nan, wani lokaci kuma mafitsara ce ko hanji suka turo. Kunya kan sa a ɓoye shekara da shekaru, ranar da aka kai asibiti kuwa, duk abin da likita ya faɗa sai a ce "to". Wannan "to" ɗin nake ji wa tsoro.

Akwai wata ragar roba da ake sakawa ta farji don ta tallafe abin da ya sauko. Ostireliya ta hana ta a 2017, Ingila ta dakatar a Yulin 2018. A Afrilun 2019 hukumar FDA ta Amurka ta umarci kamfanonin Boston Scientific da Coloplast su daina sayar da ita. Ragar kan ci nama ta ɓullo, wani lokaci har cikin mafitsara. Sai zubar jini, ciwon da ba ya barin mace ta zauna, da azaba wajen kwanciyar aure, har maigidan kan ji tana karce shi. Cirewa kuma ba wasa ba, don nama yana kama ta kamar yadda siminti ke kama rodi.

Hajar da aka kora daga wata kasuwa takan nemi wata. Saboda haka 'yar'uwa, ko a gida za a yi aikin ko Masar ko Indiya, ki buɗe baki ki tambaya: za a saka raga? Ta ina?

Ga hanyoyi birjik. Akwai zoben roba da ake sawa ba tare da tiyata ba. Akwai ɗinki da naman jikinki, ko a cire mahaifa, ko a ɗaure ta a bar miki ita idan kina son ƙarin haihuwa. Ragar da ake sakawa ta ciki, wato ta mara, daban take, ba ita aka hana ba, ko da yake ita ma ba ta rasa nata haɗarin. Akwai kuma aikin rufe farji da ake yi wa dattijai mata: yana magance matsalar, amma saduwa ta ƙare ke nan, dole a gaya miki tun kafin allurar barci.

Wadda aka riga aka yi mata aiki, in ta ga jini ko ruwa mai wari, ko fitsari na yi mata zafi, ta koma ta nemi takardar aikin, a duba mata abin da aka saka.