Sa'ad da Tsohon Mawaƙi Zai Koma Gida

Duk wanda ya saba zuwa sujada a Kakuri, ko Nasarawa, ko Television, ko Sabon Tasha, ya san wata irin sanarwa da magatakardan Ekklesiya yakan karanta bayan an karɓi baiko. Yakan ce Baba wane da Mama za su tashi daga cikinmu a ƙarshen wata, ƙungiyar mawaƙa kuma tana roƙon kowa ya dakata bayan an sa albarka. Nan da nan sai ka ga mata suna duban juna. Ai mutumin nan ya yi shekara 30 ko fiye yana tsayawa a layin baya wurin masu babbar murya, har yara sun ɗauka tare da bencin aka kawo shi.

In mai karatu yana so ya gane nauyin wannan rana, sai ya fara tambaya yadda aka yi mutanen nan suka taru tun farko. Aiki ne ya tara su. A shekara ta 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. Waɗansu masaƙu suka biyo baya, kamar Arewa Textiles da UNTL. A 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci a nan Kakuri, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai. Samari suka yi ta sauka daga mota da jirgin ƙasa, kowa da ɗan akwatinsa. Ga Bajju daga Zonkwa, ga Ham daga Kwoi, ga Atyap, ga mutanen Kagoro, ga Berom da Ngas daga Filato, ga Tiv daga Binuwai. Yawancinsu ba sa jin yaren juna. Da Hausa suka yi addu'a, da Hausa suka yi waƙa, Littafin Waƙoƙi guda ɗaya yana bin hannun mutum uku.

Ƙungiyar mawaƙa ta zama musu dangi. Wanda ya sauka daga aikin rana yakan zarce wurin koyon waƙa da ƙurar auduga a gashin kansa. Mai aikin dare kuwa yakan yi rabin koyo, ya duba agogo, ya sulale kafin jiniya ta busa. A nan da yawa suka ga matan da suka aura. Mawaƙa ne suka raka amarya, su ne suka zo ranar suna, in kuma an yi rasuwa su ne suke kwana a gidan makoki suna waƙa har gari ya waye.

Daga baya abubuwa suka sāke. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, man da injuna suke sha ya yi tsada, atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya ta cika kasuwa da araha. Kaduna Textiles ta rufe ƙofa a 2002, UNTL ta tsaya da aiki a 2007. Ma'aikatan Kaduna Textiles sun yi shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, waɗansu har suka rasu ba su karɓa ba. Mutumin da ba albashi, ga kuɗin haya, ga na makarantar yara, me zai zauna yi a birni? Sai ya tuna da gonar ubansa.

Akwai kuma wani tashin da ba a yi wa kowa sallama ba. A rikicin Fabrairu na 2000, da na Nuwamba 2002, masu bi da yawa suka bar Tudun Wada da Rigasa da sauran unguwannin arewacin kogi suka ƙetaro kudu, Musulmi da yawa kuma suka bar kudu suka koma arewa. Kowane gefe ya yi hasarar maƙwabta na kirki. A lokacin nan majami'un Sabon Tasha da Narayi da Unguwan Romi suka cika maƙil, ƙungiyoyin mawaƙa suka sami sababbin muryoyi. Amma waɗanda suka zo ɗin sun bar rigunansu na waƙa, da ganguna, da abokai, ba wanda ya ce musu Allah ya kiyaye hanya. Ina tsammani wannan yana cikin abin da ya sa mutanen kudancin kogi ba sa wasa da ranar sallama in an sami zarafin yinta cikin kwanciyar rai.

Yadda ake yinta ba wuya. Akan ajiye wa Baba da Mama kujeru a gaba, suna fuskantar jama'a, abin da ba su taɓa yi ba tun ranar aurensu. Mawaƙa su shigo cikin rigunansu. Zumuntar Mata ta taso da tulu da kacau-kacau da kuge, gama Mama tasu ce. 'Yan Sabon Rai su ma ba za su yarda a bar su a baya ba. Sa'an nan shugaban mawaƙa ya ce, "Baba, yau kai za ka zaɓa mana." Kusan kullum tsohuwar waƙa ce yakan zaɓa, irin wadda matasa suka ɗan manta baitinta na uku. Ya tashi ya koma tsohon wurinsa a layin baya, a yi ta tare. A nan ne hawaye yakan zo, har ga maza masu furfura.

Bayan haka sai kyautai: Littafi Mai Tsarki, turmin zane, agogon bango, da ambulan da aka tara 'yan kuɗin mota a ciki. Fasto ya kira dattawa su kewaye su, a durƙusa a yi addu'a. Sau da dama akan karanta Ayyukan Manzanni sura 20, inda Bulus ya kira dattawan Afisa zuwa Militus ya yi musu ban kwana, suka yi kuka, suka raka shi har bakin jirgi. Wurin ya dace ƙwarai. Sai dai mu lura, Bulus bai tsaya kan kuka ba. Ya tuna musu da abin da ya koya musu, ya danƙa aikin a hannunsu, kāna ya tafi.

To, a nan ne nake ganin muke da saura. Mun iya jawabi. Mutum 10 za su tashi su yabi Baba, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, a watse. Ranar Lahadi mai zuwa sai a tarar ba wanda ya san inda babbar murya take shiga a waƙar Jumma'a Mai Kyau. Waƙoƙin da suke cikin littafi ba abin da zai same su. Amma ƙungiyoyinmu suna da waɗansu masu yawa waɗanda ba a taɓa bugawa ba. Wani ne ya tsara a cikin ƙarar injin masaƙa, wata ce ta juyo daga yarenta zuwa Hausa, aka koya da ka, murya huɗu, kowace daga bakin mai ita. Waɗansu suna cikin tsohon littafin rubutu na makaranta, da do-re-mi a ƙarƙashin kalmomi, a cikin akwatin Baba. In akwatin nan ya hau mota zuwa Kafanchan, waƙar ta tafi ke nan.

Maganin abin ba ya bukatar kuɗi. Tun ranar da aka ji labarin tashi, shugaban mawaƙa ya keɓe yamma biyu ko uku. A zaunar da tsohon, ya rera kowace murya dabam, a ɗauka a waya, wani mai kyakkyawan rubutu ya kwafe littafin. A tambaye shi wa ya tsara wannan, a wace shekara, saboda wane dalili. Za ku ji labarin da ba ku taɓa ji ba. A kuma sa saurayi ɗaya ya tsaya kusa da shi a makonnin da suka rage, kunne kusa da baki, gama haka shi ma ya koya.

Kada kuma a manta da takardar shaida daga Fasto zuwa Ekklesiyar da za su. Mutum ya bar ƙauyensu yana ɗan shekara 20, ya komo yana da 65, yawancin tsaransa suna kabari, yaran gari kuwa suna kiransa baƙon Kaduna. In ba takarda, zai zauna a bencin baya shiru, ba wanda zai san ya iya koyar da murya huɗu. Alhali kuwa mai yiwuwa ne ƙaramar majami'ar nan ta daɗe tana neman wanda zai koya wa matasanta. A rubuta a ciki sarai abin da ya iya, da abin da Mama ta iya, da yawan shekarun da suka yi suna yi.

Waɗansu ƙungiyoyi sukan zaɓi mutum biyu ko uku su bi motar kaya har gida. Su taya sauke kujeru da buhuna, su kwana, ranar Lahadi su tsaya gaban jama'ar ƙauyen su miƙa takardar da hannunsu, su yi waƙa ɗaya tare da Baba. Da yamma su nemi motar Kaduna, domin akwai koyon waƙa ran Talata.