Ƙarfe Cikin Rigar Katako

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da attajirai, ku sani a motocin Amurka na shekarun 1930, allon gaban direba da bakin tagogi sau da yawa ƙarfe ne zalla, amma aka zana shi har ido ya rantse katako ne.

Ga yadda masu gyaran tsofaffin motoci suke mayar da wannan ado. Da farko a kankare tsatsa, a shafa fenti ruwan ƙasa, a bar shi ya bushe. Sa'an nan a shimfiɗa tawada mai duhu bisa farantin da aka sassaƙa jijiyoyin itace a jikinsa. A mirgina mulmulalliyar roba mai taushi ta ɗauko zanen, a sake mirgina ta bisa ƙarfen. Daga ƙarshe a rufe da fenti garau mai sheƙi.

Amma ba kowace tsohuwar mota ce haka ba. Morris Minor Traveller ta Ingila, wadda aka ƙera daga 1953 zuwa 1971, katakon bayanta na gaskiya ne.

To, ado halal ne, babu laifi ga mai wannan sana'a. Laifi yana ga dillalin da zai ce katako ne, alhali ya san fenti ne. Risala ta hana algus da yaudara cikin ciniki. Kai mai saye, ɗora maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne. Kai mai sayarwa, faɗi gaskiya tun ba a tambaye ka ba, domin ribarka ta yi albarka.

Allah Shi ne masani. Haza wassalam.