Yadda Aka Zana Taswirar Tsibiran Aman Wuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Pantami ya bi hanyar Kaltungo zai hangi Dutsen Tangale, wanda masana suka ce ragowar dutse mai aman wuta ne. Ganinsa ya sa na nemi sanin danginsa, sai na tarar akwai jerin irin waɗannan duwatsu da ya taso daga tsaunukan Biu, ya ratsa Kamaru, ya faɗa Tekun Atilantika. A cikin teku sai suka zama tsibirai huɗu: Bioko da Principe da Sao Tome da Annobon. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin yadda aka zana taswirarsu.

Aikin Safiyo

Turawan Fotugal sun isa tsibiran wajen 1470, amma taswirorin farko na matuƙa jirgin ruwa ne, gaɓar teku kawai ta dame su. Tsakanin 1915 da 1918 wani hafsan sojan ruwa, Gago Coutinho, ya auna Sao Tome. Dabarar ita ce a fara auna layi ɗaya miƙaƙƙe a ƙasa, a kafa alamu a kan tsaunuka, sannan a auna kusurwar da ke tsakaninsu da na'ura. Da lissafin alwatika ake gano nisa da tsawon kowane dutse. Aiki ne mai wuya, domin kurmi da gajimare kan ɓoye alamun. Da shi aka tabbatar layin Ikwaita ya ratsa ɗan tsibirin Rolas. Tsaunin Sao Tome kuwa ya kai mita 2,024.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Mai safiyo ba ya tsayawa kan awo, har suna yake rubutawa. Annobon daga "Ano Bom" ya fito, wato shekara mai kyau. Bioko ya daɗe yana amsa sunan Fernando Po, sunan Baturen da ya isa can, alhali Bubi na zaune a ciki tuntuni. Sai a 1979 ya sami sunansa na yanzu.

Kammalawa

Mu ma Turawa sun rubuta mana Sokoto da Zaria maimakon Sakkwato da Zariya. Ni da na koyi Hausa bayan harshen gidanmu, na san sunan da ya shiga taswira a karkace wuyar gyara gare shi. Ya kamata mu riƙa tambayar dattawa sunayen duwatsu da rafukan garuruwanmu, mu rubuta su daidai tun suna raye.